Yadda Aka Gano Siffofin Galaksoshi

A shekarar 964 ta Miladiyya, wadda ta yi daidai da 353 ta Hijira, masanin falakin nan na ƙasar Farisa, Abdurrahman as-Sufi, ya kammala littafinsa a kan siffofin taurari, ya miƙa shi ga sarki Adud ad-Daula wanda yake yi wa hidima. A inda yake bayanin rukunin taurarin da Girkawa suka kira Andromeda, sai ya ambaci wani ɗan tabon haske, ya kwatanta shi da ƙaramin gajimare, ya kuma sa shi a cikin zanensa. Wannan shi ne rubutu mafi tsufa da aka sani a kan wani galaksi dabam da namu, wato wani garken taurari mai zaman kansa, ko da yake shi as-Sufi bai da hanyar sanin abin da idonsa ya gani. Tabon yana nan inda ya bar shi. Wanda ya fita bayan gari a ƙasar Hausa cikin watan Nuwamba, a daren da babu farin wata kuma ƙurar hunturu ba ta sauka ba, idan ya ɗaga kai ta wajen arewa zai iya ganinsa ba tare da wata na'ura ba.

An shafe fiye da shekara ɗari shida kafin a ƙara wani abu mai nauyi a kan wannan magana. A 1610 Galileo na ƙasar Italiya ya saita na'urarsa ta hangen nesa ga farar hanyar nan da ke ratsa sama da dare, sai ya ga ashe taurari ne birjik, waɗanda nisa ya narkar da haskensu ya zama kamar hayaƙi. Daga nan tambaya ta taso da kanta: idan wannan hazo taurari ne, sauran ƙananan hazon da ake gani jefi-jefi a sama fa? A 1755, a birnin Königsberg, masanin falsafa Immanuel Kant ya ba da amsar da ta riga zamaninta. Ya ce taurarinmu a jere suke cikin siffar faifai, muna cikin faifan shi ya sa muke ganinsa kamar hanya. Kuma da za a hangi irin wannan faifai daga can nesa, zai bayyana a kewaye idan ya fuskanci mai kallo, ya bayyana a miƙe idan ya karkace. Ƙananan hazon nan masu siffar ƙwai, in ji shi, wasu faifayen taurari ne kamar namu. Hujja ce ta hankali zalla, ba awo a bayanta, don haka ta zauna shekara ɗari da saba'in tana jiran wanda zai tabbatar da ita ko ya rushe ta.

Waɗanda suka fara tattara waɗannan hazo ba don sha'awarsu suka fara ba. Charles Messier na birnin Paris mafarcin taurari masu wutsiya ne, kuma tabon hazo da ba ya motsi yakan yaudare shi ya ɓata masa dare, sai ya shiga rubuta wurarensu domin ya riƙa kauce musu. Jerinsa na 1781 ya ƙunshi abubuwa 103, kuma har yau da lambobinsa ake kiran su: tabon nan na as-Sufi, wanda shi ma ake kira Andromeda, shi ne M31. A Ingila kuwa William Herschel da ƙanwarsa Caroline sun ɗauki aikin da gaske. Daga 1783 zuwa 1802, shi yana kan tsani a bakin na'ura yana faɗin abin da ya gani, ita tana zaune da agogo da takarda tana rubutawa, suka tara hazo da cincirindon taurari wajen 2,500. Herschel ya kasa su aji takwas, kuma ma'auninsa haske ne da girma: masu haske, masu dushi-dushi, masu dushi ƙwarai, manya-manya, da sauransu. Wannan rabo ya fi bayyana ƙarfin madubinsa a kan halin abin da yake kallo. Da farko ya yarda duk hazo taurari ne da nisa ya haɗe, amma a watan Nuwamban 1790 ya ci karo da tauraro guda ɗaya lulluɓe cikin hazo wanda ba yadda za a ce taurari ne, sai ya janye daga ra'ayinsa. Ɗansa John ya kai aikin Afirka ta Kudu daga 1834 zuwa 1838, ya share sararin kudu, kuma zuwa 1888 babban kundin da John Dreyer ya wallafa ya kai abubuwa 7,840, ba wanda ya san ko jinsinsu ɗaya ne.

Siffa ta fara bayyana ne a garin Birr da ke tsakiyar ƙasar Ailan. William Parsons, basarake mai riƙe da sarautar Rosse, ya ƙudiri aniyar gina na'urar da ta fi kowace girma, kuma da yake babu masana'antar da za ta yi masa, sai ya koyar da ma'aikatan gandunsa, ya kafa maƙera a harabar gidansa. A 1842 aka narkar da tagulla da kuza aka zuba madubi mai faɗin mita 1.8, mai nauyin tan uku da wani abu, aka bar shi makonni yana hucewa a hankali don kada ya tsage. Aka sa shi a gindin wani bututu mai tsawon fiye da mita 16, aka rataye bututun da sarƙoƙi tsakanin katangu biyu na dutse. Na'urar ba ta iya juyawa sosai gabas ko yamma, sararin Ailan kuma hadari ne yawancin shekara, madubin ƙarfe kuwa yakan dushe sai an sake goge shi. Duk da haka, a watan Afrilun 1845, da Rosse ya saita ta ga M51, tabon da Messier ya rubuta tun 1773, sai ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani: hannaye na haske suna fitowa daga tsakiya suna nannaɗewa, ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya taɓa wani ƙaramin tabo a gefe. Ya zana shi da hannu, ya nuna zanen a taron masana a Cambridge cikin watan Yuni. A ƙarshen wannan shekara babbar yunwar Ailan ta fara, cutar dankali ta cinye abincin talakawa, Rosse ya ajiye duban taurari ya koma ga agajin mutanen yankinsa, na'urar kuma ba ta koma cikakken aiki ba sai 1848. Zuwa 1850 ya ƙirga hazo masu murɗiya 14.

Sai dai ganin siffa dabam, fahimtarta dabam. Tun 1796 Laplace na Faransa ya koyar da cewa rana da duniyoyinta daga wani hazo mai juyawa suka samu, don haka da yawa daga masu kallon zanen Rosse suka ɗauka rana ce sabuwa ake haifa a maƙwabtanmu. Shaidun da suka biyo baya suka ƙara rikita lamarin. Ranar 29 ga Agustan 1864, a Landan, William Huggins ya bi da hasken wani hazo ta cikin na'urar da ke rarraba haske zuwa launukansa, ya ga 'yan layuka masu haske maimakon cikakken bakan gizo, alamar iskar gas ce mai zafi ba taurari ba; amma da ya gwada Andromeda sai ta ba shi launuka a jere irin na taurari. Ashe hazo iri biyu ne aka haɗa a suna ɗaya. A watan Agustan 1885 kuma wani tauraro ya ɓarke a kusa da tsakiyar Andromeda, haskensa ya kai wani babban kaso na hasken hazon baki ɗaya. Masana suka ce ba zai yiwu tauraro ɗaya ya yi gogayya da miliyoyin taurari ba, saboda haka Andromeda ƙarama ce kuma tana kusa. Lissafinsu bai da aibu a bisa abin da suka sani, domin a lokacin ba wanda ya san akwai irin mutuwar tauraro da ke da wannan ƙarfi.

Hoto ne ya sauya ma'aunin. Ido yana ganin abin da ya shigo masa a take, gilashin hoto kuwa yana tara haske sa'a bayan sa'a. A watan Disambar 1888 Isaac Roberts ya ɗauki Andromeda a kusa da Liverpool, hoton ya nuna ita ma mai murɗiya ce da ta karkace. Daga 1898 zuwa rasuwarsa a 1900, James Keeler na gidan duban taurari na Lick a Kalifoniya ya riƙa samun ƙananan hazo cunkushe a kusan kowane gilashi, ya ƙiyasta na'urarsa za ta iya kamo wajen 120,000, kuma yawancinsu masu murɗiya. Abin da aka ɗauka baƙon abu ne a zamanin Rosse sai ga shi ya cika sama.

Mabuɗin nisa ya fito daga wani ɗaki a Jami'ar Harvard inda aka ɗauki mata aikin auna taurari a kan gilasan hoto bisa ɗan ƙaramin albashi. Ɗaya daga cikinsu, Henrietta Leavitt, ta bi taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a kan ƙa'ida, waɗanda ake kira Sefid, a cikin ƙaramin hazon Magellan na sararin kudu. A 1912 aka wallafa abin da ta samu daga guda 25: gwargwadon tsawon kwanakin da tauraro ke ɗauka kafin ya zagayo, gwargwadon ƙarfin haskensa na ainihi. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya ƙirga kwanakin ya san ainihin hasken, wanda kuma ya kwatanta ainihin hasken da wanda ya iso gare shi ya san nisa. A wannan shekarar dai, a Flagstaff ta jihar Arizona, Vesto Slipher ya auna gudun Andromeda ya tarar tana nufo mu da kilomita 300 a daƙiƙa, kuma zuwa 1917 ya auna 25, mafi yawansu suna gudu daga gare mu, wasu da fiye da kilomita 1,000 a daƙiƙa. Babu tauraron da aka sani a cikin galaksinmu mai irin wannan sauri.

Ranar 26 ga Afrilun 1920 aka gurfanar da ra'ayoyin biyu gaban majalisar masana kimiyya ta Amurka a Washinton. Harlow Shapley ya tsaya a kan cewa galaksinmu faɗinsa ya kai tafiyar haske ta shekara 300,000, rana kuma tana can gefe nesa da tsakiya, hazo masu murɗiya kuwa 'yan rakiya ne a kewayensa. Babbar hujjarsa awon abokinsa Adriaan van Maanen ne, wanda ya ce ya ga wata mai murɗiya, M101, tana juyawa a cikin 'yan shekaru, abin da ba zai yiwu ba in tana da nisa sosai. Heber Curtis na Lick ya ce galaksinmu bai kai haka girma ba, masu murɗiyar kuma takwarorinsa ne. Ya nuna cewa taurarin da ke ɓarkewa a cikinsu sun fi namu dushewa nesa ba kusa ba, ya kuma nuna baƙin ɗamarar ƙura da ke ratsa waɗanda ake gani ta gefe, ya ce irin wannan ƙura a faifanmu ita ce ta hana mu ganin hazo ta wannan sashe na sama. An watse ba tare da hukunci ba. Zamani ya nuna kowannensu ya riƙe rabin gaskiya: Shapley ya yi daidai a kan matsayin rana, Curtis ya yi daidai a kan masu murɗiya, awon van Maanen kuwa kuskure ne.

Wanda ya raba gardamar ya iso dutsen Wilson a Kalifoniya a 1919, shekara biyu bayan an kammala na'urar Hooker mai madubin mita 2.5, wadda ta karɓe kambun girma daga ta Birr. Sunansa Edwin Hubble, haifaffen jihar Missouri a 1889. A daren 5 zuwa 6 ga Oktoban 1923 ya ɗauki hoton wani gefe na Andromeda, ya ga ɗigo uku da ya zaci sababbin taurari masu ɓarkewa ne, ya sa musu alama. Da ya koma kan tsofaffin gilasan da ke ajiye, sai ya tarar ɗaya daga cikin ukun ya daɗe yana nan, yana haske yana dushewa duk kwana 31 da 'yan sa'o'i. Sefid ne. Ya soke alamar farko, ya rubuta VAR da jan tawada a kan gilashin, wato mai sauyawa. Ma'aunin Leavitt ya ba shi nisan da ya kusa tafiyar haske ta shekara miliyan ɗaya, wanda ya zarce iyakar galaksinmu ko da a bisa lissafin Shapley. A watan Fabrairun 1924 ya rubuta wa Shapley wasiƙa, kuma ranar 1 ga Janairun 1925 aka karanta takardarsa a taron masana taurari a Washinton, shi ba ya wurin. Leavitt ba ta ga wannan rana ba, ta rasu tun Disambar 1921.

Da aka san mene ne su, sai batun kasa su ya zama mai ma'ana, kuma a 1926 Hubble ya wallafa tsarinsa bisa hotunan galaksoshi 400. Ya ware masu siffar ƙwai, waɗanda haskensu sumul yake ba hannu ba ƙura, ya ba su harafin E da lamba daga 0 zuwa 7 gwargwadon yadda suka miƙe, E0 kewayayye sarai, E7 mafi tsawo. Ya ware masu murɗiya ya kasa su uku bisa abu uku da ya ga suna tafiya tare: girman ƙullin tsakiya, matsewar hannaye, da yadda hannayen suka rarrabu zuwa ɗigo-ɗigon taurari. Sa tana da babban ƙulli da hannaye a matse, Sc ƙaramin ƙulli da hannaye a buɗe, Sb kuma, ajin Andromeda, tana tsakani. Waɗanda wata sanda ta haske ta ratsa tsakiyarsu, hannayen suka taso daga bakin sandar, ya ba su layi na biyu, SBa zuwa SBc. Ragowar da ba su da tsayayyar siffa, wajen kashi uku cikin ɗari, ya ajiye su gefe. A littafinsa na 1936 ya zana tsarin kamar gwafa a kwance: masu siffar ƙwai ne gindin, masu murɗiya rassa biyu, a mararrabar kuma ya sa wani aji, S0, faifai marar hannu, wanda a lokacin hasashensa kawai ya yi, daga baya aka same shi da yawa.

Tsarin bai shigo da lalama ba. Knut Lundmark na Suwidin ya fitar da nasa mai kama da shi a shekarar, Hubble ya zarge shi da kwafa a rubuce. John Reynolds na Ingila, wanda ya riga su gwada kasa masu murɗiya tun 1920, ya soki tsarin da cewa ya yi sauƙi fiye da kima. A ganina sukar tana da gaskiya, kuma wannan sauƙin ne ya raya tsarin, domin duk mai ido zai iya koyonsa cikin ɗan lokaci ya yi aiki da shi. Rauninsa na ainihi yana wani wuri. Lambar E ta dogara da ɓangaren da muke kallo, mai tsawo idan ya fuskance mu da kai zai fito a kewaye. Sannan Hubble ya kira masu siffar ƙwai na fari, masu murɗiya na baya, kuma ko da yake ya gargaɗi masu karatu cewa matsayi a jeri yake nufi ba shekaru ba, mutane da yawa suka karanta gwafar a matsayin hanyar rayuwa, daga dunƙule zuwa faifai mai hannaye.

Walter Baade ne ya fara buɗe cikin siffofin. Bajamushe ne, don haka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka hana shi aikin soja aka taƙaita zirga-zirgarsa, ya samu na'urar Hooker kusan shi kaɗai, a daidai lokacin da aka rage fitilun Los Angeles saboda tsoron hari, sama ta yi duhu. A 1944 ya iya rarrabe taurarin tsakiyar Andromeda ɗaya-ɗaya, ya ga jajaye ne, na hannaye kuwa shuɗaye. Daga nan aka gane masu siffar ƙwai da ƙullin tsakiya tsofaffin taurari ne da iskar gas ta ƙare musu, hannaye kuma wuraren da ake haifar sababbi. A 1952, a taron masana taurari a birnin Rum, Baade ya sanar da cewa Sefid iri biyu ne da aka cakuɗa, nisan da Hubble ya bayar ya ninka. A yau ana sa Andromeda a tafiyar haske ta shekara miliyan 2.5. Hubble ya rasu a watan Satumban 1953, almajirinsa Allan Sandage ya kammala kundin hotunansa a 1961, Gérard de Vaucouleurs kuma ya faɗaɗa tsarin a 1959 da zobba da matsakaitan azuzuwa.

Amsa mafi nauyi a kan hanyar rayuwar galaksoshi ta fito daga waɗanda tsarin ya ƙi karɓa. A 1966 Halton Arp ya wallafa hotunan galaksoshi 338 masu baƙuwar siffa, wasu da dogayen wutsiyoyi, wasu da gada tsakaninsu da maƙwabtansu. A 1972 'yan'uwa biyu 'yan asalin Estoniya, Alar da Jüri Toomre, suka sa kwamfuta ta lissafa abin da zai faru idan faifai biyu suka gifta juna, kowanne yana jan taurarin ɗan'uwansa. Wutsiyoyi da gadoji suka fito a lissafin kamar yadda suke a hoto, kuma cikin misalai huɗu da suka gwada har da M51, wadda ƙaramin tabon gefenta ya tabbata galaksi ne da ya ratsa kusa da ita. A 1977 Alar Toomre ya kai maganar ƙarshenta: irin waɗannan masu karo za su haɗe, juyawarsu ta wargaje, abin da zai saura shi ne dunƙule mai siffar ƙwai. Idan akwai tafiya a kan gwafar Hubble, to daga rassa take komawa gindi.

A watan Disambar 1995 na'urar sararin samaniya da aka sa wa sunan Hubble ta zuba ido kwana goma a kan wani ɗan gurbi da ake gani kamar ba kowa, ta fito da galaksoshi kusan 3,000, kuma mafi nisansu, waɗanda muke gani yadda suke a farkon zamani, ƙanana ne gutsi-gutsi da ba su shiga kowane aji ba. Yawa kuma ya fi ƙarfin masana. A watan Yulin 2007 Kevin Schawinski da Chris Lintott na Jami'ar Oxford suka ɗora hotuna wajen 900,000 a intanet ƙarƙashin shirin Galaxy Zoo, suka roƙi jama'a su taya su kasawa da ido, mutane fiye da 100,000 suka amsa, kuma aikinsu ya fito da masu murɗiya jajaye da masu siffar ƙwai shuɗaye da yawa, abin da ya nuna siffa da shekarun taurari ba kullum suke tafiya tare ba. Na'urar James Webb, wadda aka harba ranar 25 ga Disambar 2021, ta ƙara wata wahalar, domin ta samu shiryayyun faifaye a zamanin da aka zaci sai tarkace. A 2023 aka ba da rahoton wani mai murɗiya da cikakkiyar sanda a tsakiyarsa, wanda haskensa ya taso tun sararin samaniya yana da shekara kusan biliyan 2 daga cikin biliyan 13.8 da yake da su yanzu, kuma masu lissafin yadda faifai ke nutsuwa har ya fitar da sanda sun koma kan alƙalumansu suna sake awo.